Tambaya da Amsa: Yadda Za a Raba Kyanwa da Fangalin Shuka

Tun da sanyi ya sauka aka shiga aikin garka, wasiƙun da ke zuwa wannan fili daga Damagaram da kewayenta sun karkata ga ƙorafi guda, wato ɓarnar da kyanwoyi ke yi a fangulan kayan miya da gindin furanni. Mun zaɓi huɗu daga ciki, mun kuma taƙaita su saboda ƙarancin wuri.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni uwargida ce a unguwar Birni. A tsakar gidana na gyara fangali uku, na shuka salati da tomati da na'ana'a, sannan na jera furanni a gindin katanga. Kullum na tashi da safe sai in tarar an tone ƙasa, an tumɓuke ƴan tsiron, an kuma binne kashi a ciki. Kyanwoyin ba nawa ba ne, ta kan katanga suke dirowa da dare. Na barbaɗa barkono, na watsa ɓawon lemu, na sa yara su riƙa korarsu, duk a banza. Ruwan da nake ba shukar nan saye nake yi wurin ƴan ga-ruwa, don haka asarar tana yi mini ciwo. Mene ne abin yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kafin a yi maganar magani, ya kamata a san abin da ke kawo kyanwar, domin salatinki bai dame ta ba. Kyanwa dabba ce mai binne kashinta, saboda haka kullum tana neman ƙasa mai laushi, busasshiya daga sama, wadda za ta iya tonawa da ƙafafun gaba ba tare da wahala ba. A unguwa irin Birni, inda tsakar gida ko dai daɓe ne, ko siminti, ko ƙasar da aka tattake har ta yi tauri, fangalin da kika kafta, kika marmashe ƙasarsa, kika gauraya ta da taki da yashi, shi ne wuri mafi daɗin tono a duk lungun. Da zarar ta yi sau ɗaya, warin da ta bari, wanda hancin mutum yake daina ji amma nata yake ci gaba da ji, shi ke dawo da ita, shi ke kuma sanar da sauran kyanwoyi cewa an buɗe makewayi. Kora ba za ta yi aiki ba, tunda yaran da kika ɗora wa aikin suna barci a lokacin da ake ɓarnar. Ɗaga katanga ma asarar bulo ne, domin lafiyayyar kyanwa tana iya tsallen da ya haura mita ɗaya da rabi, abin da ya fi haka kuma ta kama da farce ta haye. Abin da zai yi aiki shi ne ki sauya saman ƙasar yadda ba za ta sami wurin juyawa da tsugunawa ba.

Ke kin ga kashi a binne, don haka babu shakka game da mai laifin. Sauran masu karatu kuwa su tabbatar kafin su ɗora wa kyanwa laifin wani: kaza tana watsa ƙasa ta ko'ina, ƙadangare yana tsinke ganyen tsiro ba tare da ya yi tono ba, ita kuwa kyanwa ɗan rami take yi ta tara ƙasa a kansa, kuma sawunta yana nuna yatsu huɗu babu alamar farce, domin a naɗe take tafiya da faratanta.

Aikin farko shi ne share tsohon wari. Ki sa a kwashe duk kashin da ke cikin fangulan tare da ƙasar da ke kewaye da shi, a jefa shi cikin masai, kada a zuba shi a ramin taki. Daga nan a jiƙa wurin sosai. Kada a kwara ruwan jabel da sunan kashe wari, domin yana ƙona saiwa, sannan akwai kyanwoyin da warinsa ke janyo su su zo su yi birgima a wurin.

Sai a zo ga rufe fili. Hanya mafi sauƙin kuɗi ita ce tsinkaye. A samo ƴan sanduna masu tsawon taƙi ɗaya, wato santimita 20 zuwa 25, a kakkafa su a duk inda ƙasa take a buɗe, tazarar da ke tsakaninsu kada ta wuce faɗin tafin hannu, kimanin santimita 10. Ba a fiƙe su, domin ba rauni ake nema ba. Abin da ake so shi ne kyanwa ta shigo ta rasa inda za ta ajiye ƙafafu huɗu a lokaci guda, ta haƙura ta wuce. Karan gero ko na dawa yana yi, amma gara tana cinye shi da wuri kuma tana iya zarcewa kan shuka, don haka busassun rassan dogon yaro sun fi ƙarko. Kuskuren da aka fi yi shi ne a kafa tsinkayen a gefen fangali kamar shinge a bar tsakiya fili, alhali tsakiyar ce abin nema.

Ƙaya ta fi tsinke tasiri, kuma masu garka sun daɗe da saninta. Rassan magarya ko bagaruwa idan aka shimfiɗa su a kwance, sama-sama, yadda rana da ruwa za su ratsa, kyanwa ba ta taka su. Amma a gidan da ƙananan yara ke yawo babu takalmi ina ba da shawarar a guji ƙayar aduwa, saboda tsawonta da yadda take karyewa cikin nama. Akwai kuma masu cewa a baza ƙarangiya. Lalle kyanwa ba ta son ta, sai dai duk wanda ya zuba ƙarangiya a ƙasa mai taki da ruwa ya shuka ta ke nan, kuma zai daɗe yana cire ta daga zanen iyalinsa.

Idan da hali, ragar waya irin wadda ake yin kejin kaji da ita ta fi duk waɗannan, domin sau ɗaya ake saye a yi shekaru ana amfani da ita. A shimfiɗa ta a kan ƙasar bayan an yafa iri, a danne gefunanta da duwatsu; salati da karoti za su fito ta cikin ramukan, kyanwa kuwa da ta kai farce sai ta ci karo da ƙarfe. Ga tomati da ake dasawa, a yanke ɗan fili a kowane gurbi, a lanƙwasa bakin wayar zuwa ƙasa don kada ya yanki hannu. Shi kuwa fangalin da ake renon iri, tsohon gidan sauro da aka ɗaga a kan sandunan da aka tanƙwara ya wadatar, har ma yana tsare kaji da tsuntsaye da ƙadangaru, da sharaɗin a danne bakinsa ta kowane gefe, in ba haka ba kyanwa za ta kutsa ta mayar da shi ɗakin kwana. Tsohon da ya yage nake nufi, wanda aka wanke sosai saboda maganin da ke jikinsa. Wanda yara ke kwana a ciki ba na garka ba ne.

Gindin furanni ya fi sauƙi, tunda ba a tona shi kullum. A jera duwatsu masu girman ƙwan kaza ko abin da ya ɗara haka, su rufe ƙasar gaba ɗaya, dutse kuwa ba abin da Damagaram ta rasa ba ne. Tsingaron fasassun tukwane da tuluna irin na Mirriya yana yi, haka ma ƙodagon goruba, kuma dukansu suna rage saurin bushewar ƙasa, abin da zai sauƙaƙa miki kuɗin ruwa. Girman shi ne sirrin. Ƙananan tsakuwa, da yashi, da ƙaiƙayi, da ɓawon gyaɗa, da garin katako na masassaƙa duk abubuwa ne da kyanwa ke jin daɗin tonawa, wanda ya zuba su ya ƙara gyara mata wurin ne. A lokacin bazara dutse yana ɗaukar zafi, saboda haka a bar ɗan fili tsakaninsa da karan shukar. Fasasshen kwalba da ƙusoshi kuwa kada su shiga fangali ko kaɗan, domin hannun da zai fara yankewa na mai cire ciyawa ne.

Game da ruwa, ba sai kin ƙara ko jarka ɗaya ba. Lokacin ban ruwan za ki sauya. Kyanwa ba ta son tona ƙasa mai danshi da ke manne mata a ƙafa, don haka idan aka mayar da ban ruwa zuwa gab da magariba, saman fangalin zai kwana a jiƙe a daidai sa'o'in da take yawo. Wannan dabara ta lokacin sanyi ce. Daga Maris zuwa Mayu, sa'ad da zafi ke haura digiri 40, danshin nan shi ne zai janyo ta ta zo ta kwanta a kan shukar da rana tsaka don neman sanyi, ta kakkarya ta da nauyin jikinta, kuma a nan tsinke da ƙaya kaɗai ke hana ta.

Akwai shawarar da na san ba za ta yi miki daɗin ji ba, amma tana cikin mafi amfani. Tunda kyanwoyin ba za su daina shigowa gidan ba, ki ba su wurin da ya fi fangalin daɗi. A wani lungu nesa da madafa da randa da wurin wasan yara, a zuba busasshen yashi mai laushi, faɗin kamar mita ɗaya, zurfin santimita 15 zuwa 20, a ɗan binne kashin da aka kwaso a ciki a ranar farko domin wari ya jagorance su. Wanda ya toshe fangali bai buɗe wani wuri ba, yakan wayi gari ya tarar an koma cikin tulin yashin gini, ko buhun gawayi, ko tukunyar fure ɗaya da ya manta bai rufe ba. Sharaɗin wannan wuri shi ne a kwashe shi kullum.

Sai batun barkono da ɓawon lemu. Barkono ki daina shi, Hajiya: yana shiga idon dabbar ya azabtar da ita, iskar hunturu tana kwasarsa ta watsa a idon yara, kuma ban ruwa ɗaya ya isa ya wanke shi. Gaskiya ne kyanwa ba ta son ƙamshin lemu, amma a bushewar iskarmu ɓawon yana ƙandarewa cikin kwana biyu ya zama kyanwar Lami, ba cizo ba yaƙushi. Ana iya ƙarawa da shi a kan sauran matakai, ba a dogara da shi shi kaɗai. Wahalar duka ta makonni huɗu zuwa shida ce, domin da zarar ganyen salati ya haɗe ya rufe ƙasa, na'ana'a ta yaɗu, babu sauran filin tono, sai a zare tsinkayen a ajiye wa shuka ta gaba.

Tambaya: Malam, ina zaune a Sabon Gari, ina da ciki wata huɗu. Kyanwar gidanmu tana kashi a fangalin salatin da nake kula da shi. Uwar mijina ta ce taki ne kamar na awaki, wata ƙawata kuma ta ce in rabu da kyanwar da shukar baki ɗaya domin suna zubar da ciki. Wanne zan bi?

Amsa: Allah ya raba lafiya, ɗiyata. Kowace daga cikinsu ta faɗi wani abu ta bar wani. Kashin kyanwa ba taki ba ne irin na akuya ko tunkiya, domin ita mai cin nama ce, kuma cututtukan da ke fita a kashinta suna iya kama mutum. Wadda ta shafi mai ciki ita ce wata ƙwayar halitta da ido ba ya gani, mai suna Toksoplasma. Wasu masana biyu, Charles Nicolle da Louis Manceaux, suka gano ta a birnin Tunis a 1908 a jikin wata ƴar dabba mai kama da ɓera, amma sai wajen 1970 aka tabbatar cewa a hanjin kyanwa da danginta take haifar da ƙwayayen da ke zuba a ƙasa. Kyanwa tana ɗaukar ta ne idan ta ci ɓera ko tsuntsu ko ɗanyen nama mai ɗauke da ita, sannan ta yi mako ɗaya zuwa uku tana fitar da ƙwayayen, galibi a karon farko da ta kamu, wanda ya sa ƙananan kyanwoyi suka fi tsofaffi haɗari.

Abu biyu game da waɗannan ƙwayaye su ne ginshiƙin shawarata. Na ɗaya, ba sa iya kama mutum a ranar da aka yi kashin, sai sun yi kwana ɗaya zuwa biyar a waje sun nuna. Wannan ne dalilin da ya sa ake cewa a kwashe kullum. Na biyu, idan suka nuna suna iya wuce shekara da ransu a ƙasa mai danshi da inuwa. Rana da bushewa suna kashe su da sauri a fili, amma fangalin da ake bai wa ruwa kullum shi ne daidai wurin da suke daɗewa.

Yawancin masu lafiya da suka kamu ba sa ma sanin sun kamu. Haɗarin yana kan macen da ta kamu a karon farko tana da ciki, domin cutar tana iya kaiwa ga jariri ta jawo ɓari ko ta taɓa idonsa da ƙwaƙwalwarsa, da kuma mutanen da garkuwar jikinsu ta yi rauni, kamar masu ƙanjamau. Sai dai shafa kyanwa ko zama da ita a gida ba shi ne babbar hanyar kamuwa ba. Hanyoyin su ne ƙasar da ta maƙale a farce ta kai baki, da ganyen da ba a wanke ba, da gurɓataccen ruwa, da naman da bai gasu ba, irin tsire ko balangun da ake yankawa da sauran ja a tsakiya. Don haka korar kyanwar ba ta share ƙasar da ta riga ta gurɓata, ba ta kuma gasa naman.

Har ki haihu, wani ya karɓi aikin kwashe kashin da tonon fangalin. Idan dole ta sa kika taɓa ƙasar, ki sa safar hannu ko ki ɗaura leda, sannan ki wanke hannu da sabulu har ƙarƙashin farce. Gindin salatin da kashi ya taɓa a cire shi a yar. Sauran a wanke ganye ɗaya-ɗaya ana murzawa ana sauya ruwa, kuma a sani cewa ɗigon jabel da aka saba sawa a ruwan wanke salati yana kashe ƙwayoyin cuta da dama amma ba ya kashe waɗannan. Murzawa da ɗauraya ke fitar da su, tafasa ke kashe su. Da ni ne mai yanke hukunci a gidanku, da na ce ki bar wa sauran mutanen gida ɗanyen salatin wannan fangali, ki riƙe zogale da yakuwa da alayyafo da rama, waɗanda ake dafawa. Akwai gwajin jini na wannan cuta, ki tambayi ungozoma ko likita a wurin awon ciki.

Ki kuma gaya wa uwar mijinki, cikin ladabi, cewa maganar ta shafi awakinta, domin cutar tana sa akuya da tunkiya ɓari idan kyanwa ta yi kashi a cikin dusa ko harawar da suke ci. Ga yara kuwa akwai tsutsar ciki da ke bin kashin kyanwa da kare, wadda ke kama yaro mai cin ƙasa, da wata da ke huda fatar ƙafa ta bar layi mai ƙaiƙayi yana tafiya a karkace.

Tambaya: Ni mai garka ne a wajen Mirriya. Kyanwoyin da ba su da masu su sun yi yawa a wurina, suna lalata mini fangulan reno na albasa da tomati. Wani ya ce in sa maganin ɓera a kan kifi in ajiye musu, wani ya ce in kama su a buhu in kai su daji mai nisa. Wanne ya fi?

Amsa: Malam, babu na zaɓe a cikinsu. Guba ba ta san wanda aka ajiye wa ita ba: kaza za ta tsattsaga, kare zai ci, ungulu za ta ci mushen ta mutu, ga yaran da ke shiga garka tsintar mangwaro, ga rijiyar da kake ban ruwa da ita a kusa. Ta fuskar addini ma maganar a bayyane take, domin hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba, yana cikin Buhari da Muslim, kuma mutuwar maganin ɓera mutuwa ce ta kwanaki cikin azaba.

Ko an ajiye tausayi gefe, lissafin ba ya fita. Kyanwa tana ɗaukar ciki na kwana 63 zuwa 65, tana haifar ƴaƴa uku zuwa biyar, tana iya yin haka sau biyu ko uku a shekara, ƴarta kuma tana iya ɗaukar ciki tun tana wata shida. Abinci ne ya tara su a garkarka, kuma muddin abincin yana nan, duk waɗanda ka kawar wasu za su zo daga maƙwabta su maye gurbinsu cikin ƴan makonni. Abincin kuwa mene ne, in ba ɓera da gafiya da ƴaƴan kurege ba, wato masu cin dankalinka a ƙarƙashin ƙasa, masu huda tomati da kankana, masu datse tiyon ban ruwa? Garkar da aka share wa kyanwoyi sau da yawa ɓarnarta ƙaruwa take yi, sai dai ta koma irin wadda ba a gani sai ranar girbi.

Kamawa a buhu yana da nasa haɗarin. Kyanwar da ba ta saba da mutum ba tana cizo da yaƙushi idan aka ƙure ta, kuma ciwon haukan kare yana kama kyanwa kamar yadda yake kama kare. Duk wanda aka ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, ya je likita a ranar, kada ya jira ya ga abin da zai faru, domin idan alamun ciwon suka bayyana babu magani. Sannan idan mai shayarwa ce aka ɗauke, ƴaƴanta za su mutu da yunwa a inda ta ɓoye su.

A garka mai faɗi ba kowane fangali ke buƙatar tsaro ba. Albasar da aka dasa ta kama, da tomatin da ya kai gwiwa, kyanwa ba ta yi musu komai. Inda ake asara shi ne fangulan reno da waɗanda aka yafa wa iri, su kuwa ƴan kaɗan ne, raga ko rassan ƙaya sun isa su rufe su har ranar dashe. A daina barin ragowar tuwo da ƙashin kifi a gindin bukkar gadi, kayan cikin kifi ko jinin yanka da wasu ke sawa a matsayin taki kuma a binne su da zurfi. Idan akwai kyanwar da ka riƙe a matsayin taka, musamman muzuru, ka tuntuɓi likitan dabbobi game da dandaƙa, domin muzurun da aka dandaƙe yana rage yawo da faɗa da feshin fitsarin da ke ƙona ganye. Wannan aikin likita ne, ba na wanzami ba.

Tambaya: Ni malamin lakwal ne a Karkada, ni ke kula da furannin da muka shuka a gaban azuzuwa. Na ga a intanet ana cewa kwalaben roba cike da ruwa suna tsorata kyanwa, ana kuma tallan wata na'ura mai ƙara da wani fure mai korar kyanwa. Wani abokin aiki kuma ya kawo ƙwallayen kafur na akwatin tufafi. Da gaske suna aiki?

Amsa: Malam, ka fara da mayar wa abokin aikinka kafur ɗinsa. Guba ne ga kyanwa da yaro, yana kama da alewa a idon ɗan aji ɗaya, kuma ga yaran da aka haifa da ƙarancin wani sinadarin jini mai suna G6PD, waɗanda ba su da wuyar samu a Afirka ta Yamma, yana iya farfasa ƙwayoyin jini. Ba abin da za a watsa a farfajiyar lakwal ba ne.

Kwalaben ruwa ba sa yin komai. Kyanwa takan dube su kwana ɗaya, washegari ta tsuguna a gefensu. Na'urar ƙara tana da tushe, domin kunnen kyanwa yana jin sauti mai kaifi har kusan kaɗawa 64,000 a daƙiƙa, na mutum kuwa yana tsayawa a wajen 20,000. Wani gwaji da aka yi a Birtaniya aka wallafa a 2006 ya nuna irin wannan na'ura ta rage shigowar kyanwoyi da kusan kashi ɗaya cikin uku, wato sauran kashi biyun suna nan, ga batir, ga ƙurar hunturu da ke toshe idon na'urar. Wata na'urar mai fesa ruwa idan ta hangi motsi ta fi ta tasiri, amma tana buƙatar famfo mai ƙarfi dare da rana, kowa kuwa ya san halin famfo a garin nan. Furen da ake talla a Turai da sunan Coleus canina sai an goge shi yake wari, kuma kyanwoyi da yawa ba su damu da shi ba.

Tunda kana da ɗalibai, kana da abin da ya fi waɗannan duka. Kowane yaro ya zo da dutse biyar masu girman ƙwan kaza, a jera su a gindin furannin a rana ɗaya, inda aka yi sabon dashe kuma a kakkafa tsinkaye. Idan akwai furen ƙariya a cikin furannin naku, ka gargaɗe su kada su karya ta yayin aikin, domin ruwanta dafi ne, su kuma wanke hannu da sabulu kafin su koma aji.